Sunan da Mushe Ciɗo Ya Raɗa

Mushe Ciɗo malamin lakwal ne a Tawa, wato makarantar boko, inda ake kiran malami "Mushe", amma ba abin da yake so kamar wasan kwaikwayo. Da ya yi ritaya sai ya rubuta wasa a kan masu haƙar rijiya na Bambeye, ya raɗa masa suna "Ƙarƙashin Dutse". Duk hutu yakan tara samari su nuna shi a gidan matasa, 'yan kallo kuwa ba su taɓa cika benci uku ba.

Ana nan sai Raƙiya, tsohuwar ɗalibarsa da ta yi karatu a Yamai, ta fito da fim na kimiyya a kan ruwan da ke kwance ƙarƙashin duwatsun Adar, da wannan suna sak. Aka nuna a tele, gari ya ɗauka. Har wani mai kabu-kabu ya ce masa, "Mushe, ashe sunan fim ɗin Raƙiya ka ara?"

Abin ya ci masa rai. In an yabi fim ɗin a majalisa, sai ya ce hoton duwatsu ne kawai, babu labari.

Da Raƙiya ta zo gaishe shi, ta durƙusa ta ce, "Mushe, a wasanka na fara jin sunan, shi ya sa na ɗauka." Ya ce, "Madalla," bai ƙara ba.

Hutu na gaba ya sake nuna wasansa, wuri ya cika maƙil. Ya leƙo ta bayan labule yana murmushi, sai ya ji wata mata tana tambaya yaushe Raƙiya za ta fito.