Kwandon Shaida da Tabaran Maame Efuwa

Ku sababbin ma'aikata da kuke tambayata ina kwandon shaida ya shiga, ku saurara. Har yau ban manta da Asabar ɗin da ya yi ritaya ba.

Lokacin ina sabuwa a cocinmu na Gurugu. A sama akwai fasto, wanda muke kira Osofo, sai dattawa, sai mu masu tarbar jama'a da shara. Duk Juma'a da la'asar ana addu'ar warkarwa. Wanda ya ji a jikinsa ya warke sai ya fito ya jefa maganinsa ko sandarsa cikin kwando a gaban bagadi, a yi ta tafi. Aikina in kai kwandon ofis, ranar Asabar in ƙona abin da ke ciki.

Wata Juma'a cikin damina, Maame Efuwa ta fito. Tsohuwar malamar makaranta ce daga kudu, tana zaune a unguwar Vittin, hawan jini ya daɗe da kama ta. Osofo ya ɗora mata hannu, ta yi ihu ta jefa ƙwayoyinta, ta bi su da tabaranta. Sannan ta juya ta rungume mai kiɗan ganga tana cewa, "Na gode, Osofo!" Jama'a suka ce Haleluya. Ni kaɗai na ga matsala.

Washegari na hau moto, wato babur, na leƙa ta. Na tarar da ita kwance, ta ɗaure kai da ɗankwali, jiri ya hana ta tashi.

"Maame, bari in ɗauko miki maganinki."

"Talata, kada ki jawo mini shaiɗan. Osofo ya ce na warke. Ke wace ce?"

Na koma coci a fusace, na tura ƙofar ofis. Me zan gani? Osofo durƙushe gaban kwando, tabaran Maame a hancinsa, yana karanta jikin kwalin maganinta. Ƙwaya ɗaya a tafinsa, ga kofin ruwa a gefe. Ashe shi ma hawan jinin ne, kuma ba ya son 'yan coci su gan shi a layin asibiti. Kwandon ne kantin maganinsa.

"Talata, ba a koya miki ƙwanƙwasa ƙofa ba?"

"Na ƙwanƙwasa, Osofo. Wataƙila kunnen ne ba a yi wa addu'a ba."

Ya ce yana bincike ne. Na ce to ya haɗiye binciken ya tashi, mai maganin tana can za ta mutu, kuma daga bakinsa kaɗai za ta karɓa.

"Za ki raunana mata bangaskiya."

"Gobe Lahadi akwai lokacin ba da shaida, Osofo. Ni ma ina da tawa."

Ya dube ni ta saman tabaran da ba nasa ba. Sai ya ɗauki makullin motonsa.

A Vittin ya zauna bakin gadonta, ya yi addu'a mai taushi, irin wadda ban taɓa ji a lasifika ba. Ya ce Ubangijin da ke warkarwa shi ya ba likita ilimi. Ya miƙa mata ƙwayarta, ta buɗe baki ta sha, babu musu. Ta ce masa tun rasuwar mijinta ba ta samun barci sai ranar da aka yi mata addu'a. Wannan kam ban yi masa dariya ba.

Ranar Lahadi Osofo ya sanar cewa an bayyana masa a daina zubar da magani. Coci ta ɗauki Amin. Ni ce bayyanar, amma ko sannu ban samu ba.

Abin da na koya shi ne, addu'a tana kwantar da zuciya, ƙwaya tana saukar da jini, kada ku bar kowa ya sa mara lafiya ya zaɓi ɗaya. In kuma babba ya ce a zubar, ku fara duba abin da shi yake haɗiya. Kwandon yana kicin, albasa muke zubawa.