Wayar da Ba ta Mutuwa Ba Ce

Duk mai shiga jirgin ƙasa na safe daga tashar Agege zuwa Ikko ya san tsohon nan mai kaki da farar hula, wanda kowa ke matsa wa a benci. Kada ku yi masa zaton sarauta, warin maganin asibiti ne ke korar mutane. Baba Ƙasimu ke nan, diresa, wato mai wankin miki da hidimar ɗakin tiyata. Ni Kaka nake ce masa don abokin kakana ne, wannan kuwa ya ba ni lasin in faɗa masa duk abin da ya zo bakina.

Tun ba a haife ni ba aikinsa ɗaya ne. In ya isa asibiti ya dafa wuƙaƙe da almakashi da allurai, ya wanke tebur, ya riƙe ƙafar mutum likita na yanka, in an gama ya goge jini. In mutum ya tashi, a ce likita ya iya. In bai tashi ba, Kaka za a turo unguwa da labarin, tunda shi ke jin Hausa da Yarbanci. Shi ya sa mata in sun hango shi ya doso ƙofar gida sai su fara salati tun bai yi sallama ba. A gidan suna ma kwanonsa daban ake ajiye masa. Na taɓa ce masa, "Kaka, kai da mutuwa wa ke yi wa wani dako?" Ya ce, "Ja'iri, ci tuwonka." Amma bai yi dariya ba.

Watan jiya aka sallame shi, hannu ya fara rawa. Ya dawo da 'yar jakarsa a jirgin yamma, ba wanda ya tare shi, ba wanda ya ce masa sannu. To ni ba zan yi shiru ba. Ku ji abin da ya faru da kawuna Baballe.

Kawu Baballe ƙanin uwata ne, rakiyar shanu a tarago ta kawo shi daga Arewa, ya zauna yana aikin sauke su a Agege. Wata rana da damina katakon da ake sauke shanu a kai ya yi santsi, wani bijimi ya bangaje shi, ya sauko da gwiwa a kan ƙarfen layin dogo. Ƙoƙon gwiwar ya rabe biyu. Ƙafa ta ƙi ɗaguwa, sai ka ce aro ya yi. Aka kwashe shi sai asibiti.

Likita ya duba ya yi maganarsa da Turanci. Kaka na can ɗakin tiyata, sai wani ma'aikaci mai guntuwar Hausa ya tsaya a kan Kawu ya ce, "Baba, pele, sannu. Likita ya ce sai waya. Gobe waya."

To, Kawu waya ɗaya ya sani a duniya: wadda ake bugawa gida in baƙo ya mutu a Ikko. Da idonsa ya ga an buga wa abokin tafiyarsa. Ya kira 'yan'uwansa masu shanu ya ce, "Ku ɗauke ni. Tunda har an kai ga waya, gara in cika inda za a yi mini wanka irin namu." Suka fito da shi a kan ƙyauren ƙofa, suka kawo shi gidanmu.

Ranar gidanmu ba a ɗora tukunya ba. Matarsa, Inna Hansai, ta haɗa kai da bango tana kuka. Aka kira Shitu mai ɗori, mutumin kirki, ya lalluba ya girgiza kai ya ce, "Rabi ya hau sama, rabi ya yi ƙasa, yatsana na shiga tsakani. Ko na ɗaure, naman cinya zai sake ja. Wannan ba tawa ba ce." Kukan ya ƙaru.

Bayan la'asar sai ga Kaka, jiƙe sharkaf, laka har ƙwauri. Mata suka ɗauki salati. Ya ce, "Ku dakata mana, ai mai gawar bai mutu ba tukuna." Ya durƙusa gaban tabarma.

"Baballe, wa ya ba ka izinin barin gadona?"

"Baba, ai an riga an ce waya."

"Wace waya?"

"Ta gida mana. Ka faɗa mini gaskiya, kai ne ka saba kawo irin wannan labari."

Na ga maganar ta soki Kaka. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan siririn ƙarfe a naɗe, yana ƙyalli. "Ga wayar, ɗan ƙauye. Wannan ba ta zuwa Kano." Ya juya ya ce, "Hansai, 'yata, miƙo mini ƙoƙon nan na kan randa." Tsohon ƙoƙo ne da ya taɓa fashewa Inna ta ɗinke shi. Ya sa wa Kawu a hannu. "Da ya fashe, jefar da shi ta yi?"

"Ɗinkewa ta yi."

"Yana riƙe ruwa?"

"Yana riƙewa."

"To naka ma ƙoƙo ne. Na gwiwa. Za a shaƙa maka maganin barci, likita ya buɗe, ya wanke jinin da ya kwanta, ya huda rabin nan da rabin nan, ya zura wayar ya ja su su haɗe baki, ya murɗe. Ni zan dafa ta, ni zan riƙe ƙafar."

Na ce, "Kawu, ashe ɗinkin ƙwarya ka gudo wa." Kawu na juya ƙoƙon, can ya tambayi abin da ke cinsa: "Baba, zan sake yin sujada?"

Kaka, a nan ne na sara maka. Da ni ne, wallahi da na ce har tsalle za ka yi. Kai kuwa ka ce, "Ban sani ba. Likita ma bai sani ba. Abin da na sani, in ka kwanta a nan ba za ka yi ba. Ka san Uwaisu na tasha?" Kowa ya san Uwaisu, mai jan ƙafa da sanda yana sharar dandamali. "Irin taka ce tasa. Shi ma kalmar nan ya ji ya gudu. Ban samu labari ba sai da ƙashin ya yi nisa da ɗan'uwansa. Kullum da safe ina wuce shi, kullum yana gaishe ni. Ba zan iya gaisuwar mutum biyu ba."

Washegari Kawu ya koma.

An yi aikin, aka naɗe ƙafar da filasta mai daskarewa kamar siminti daga cinya har idon sawu. Kada ku ce shi ke nan. Da aka cire, ƙafar ta fito siririya, a sandare kamar taɓarya. Sai a koya mata lanƙwasa, wannan kuwa ba ya cikin aikin da aka ɗauki Kaka ya yi. Amma in ya sauka daga jirgi gidanmu yake fara zuwa, ya zaunar da Kawu a kan turmi, ya kama dunduniya yana turawa kaɗan-kaɗan. Ihun Kawu har mayanka ana ji. Ba zagin da bai yi masa ba. "Mugu! Azzalumin tsoho! Allah ya isa!" Kaka sai ya ce, "Amin. Ƙara kaɗan."

Damina ta wuce, wata ta zo. Kawu bai koma sauke shanu ba, ba zai koma ba, goro yake kasawa yanzu. Yana ɗingishi. In hadari ya haɗo gwiwar kan yi masa tsami, sai ya ce, "An bugo waya, ku kwashe shanya." Amma goshinsa yana taɓa ƙasa.

Juma'ar da ta wuce ina sahun baya a masallaci. Liman ya yi kabbara, jama'a suka tafi sujada, Kawu ya bi su a hankali, ƙafa ɗaya sannan ɗayar, har ya kai. A gefensa akwai mutum ɗaya da bai sauka ba. Yana zaune a kan ɗan akwati, ƙafafu a miƙe, yana sunkuyar da kai kawai. Kaka ne. Tsayuwar shekara da shekaru a kan siminti ta cinye gwiwoyinsa. Bayan an idar na ce, "Kaka, kai ba za a sa maka wayar ba?" Ya ce, "Nawa ba fashewa suka yi ba, ƙarewa suka yi. Ba a ɗinke wannan." Na miƙa masa hannu, ya dafa ya tashi.

Kaka, kai ne ka bi mutum har gida cikin ruwa don kalma ɗaya. Kai ne muka ware wa kwano, kana wanke mana miki. Maɗinkin ƙoƙon maza, mun gode, Allah ya saka maka, ya yafe mana abin da muka yi maka.

Ku kuma samarinmu da ke shiga aikin asibiti yanzu kuna taƙama da Turanci, in kun faɗa wa mara lafiya magana ku tsaya ku ga me ya ji, kamar yadda tsohon nan ya yi. Mutanen Agege, gidansa na bayan mayanka, ƙofar a buɗe take, shi ba ya iya fitowa sosai. Ku je. In an kawo tuwo, ku sa hannu a kwanonsa.