Mijinyawa Mai Kwalba

Mijinyawa ya yi shekara bakwai yana shara a wani asibiti a Sakkwato. Da aka rage ma'aikata, shekarar da sabulu ya ɓace daga kantuna, ya dawo Boɗinga da farar riga irin ta likitoci. Ban taɓa tambayar inda ya same ta ba.

Ranar kasuwa yakan zauna kusa da tasha da kwalabensa. Mutum ya kawo fitsari, sai ya ɗaga kwalbar ga rana, ya girgiza, ya runtse ido ɗaya. Awon ke nan.

Na'Allah na Mandera, manomin albasa, ya haura sittin lokacin da ya fara ganin jini a fitsarinsa, ba zafi, ba komai. 'Yarsa Zulaihatu, wadda ke aikin unguwarzoma a Shagari, ta roƙe shi ya je Sakkwato a duba fitsarin da na'ura, a ɗebi jini. Ta ce jinin yaro daban, na dattijo daban. Shi kuwa ya ji ana cewa can roba suke zura wa mutum ta gaba, don haka ya nufi tasha.

A wajenmu, yaron da ke wanka a tafki idan ya yi fitsarin jini, tsargiya ce, har tsofaffi kan ce ya zama namiji. Mijinyawa ya san da haka. Ya ɗaga kwalba, ya yi murmushi.

"Baba, wanga ba ciwo ba ne. Ƙuruciya ce ta komo maka."

Na'Allah ya ji daɗin maganar. Ya riƙa karɓar jiƙo duk mako, ya hana a sake yi masa zancen Sakkwato.

Sai bayan an cire albasa, fitsari ya ƙi fita, aka ɗauke shi a mota zuwa Sakkwato. Likita ya ce ciwon daji ne a mafitsara, ya tambayi inda suke tun bara. Na'Allah bai kai damina ba.

Mijinyawa ya zo ta'aziyya cikin farar rigarsa. Ya faɗa wa na kusa da shi cewa tun ranar farko ya gane, bai dai so ya tayar wa dattijo hankali ba.

Can aka fito da kwando daga cikin gida, aka ajiye gabansa, aka ce saƙon Zulaihatu ne. Kwalabensa ne na jiƙo, an wanke su tas.

Ya ɗauka. Kwalba ta yi wuyar samu a shekarar.