Hancin Baba da kamshaf ɗin tsere

Duk Doha ba wanda ya kai ni sanin inji, ko Bature. Jiya warin ɗanyen fetur ya tuno min marigayi Baba, tsohon bakaniken da ke shinshina salansa kamar mai ɗanɗana miya.

Ranar da na sa wa motata kamshaf ɗin tsere, wato ƙarfen cikin inji da ke ƙara wa mota gudu, ana jin rurinta har Al Wukair, can wajen gari, ya shinshina ya tofar. "Ba ta ƙone fetur. Za ka faɗi gwajin hayaƙi." Na ce hancin tsoho me ya sani?

Na faɗi warwas, aka ƙi sabunta takardun motar, sati biyu ba aiki, don da ita nake neman abinci. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe masa amsar da ya ba ni da na kai masa kukana: "Ɗana, halinka ta ɗauko. Ƙara kamar jirgi, ciki duk hayaƙi."