Inda Ƙuda Ya Fi Sauka

Ƙarar cokali a cikin kofi ce ta fito da ni daga madafa. Na iske ɗiyata Asma'u, 'yar shekara goma sha uku, tana kwaɓa lemun tsami da ruwan wanke farin kaya, wai za ta shafa a fuska ta yi haske. Na fizge kofin, ta ce ai a waya ta nema, kuma shafin ne na farko.

Da na kira ƙanwata Rabi, wadda ta karanta kwamfuta, ta ce asalin jera shafukan nan, na'ura ce ke kwaikwayon mai yawo ba alƙibla. Daga kowane shafi ya bi duk mahaɗin da ya samu zuwa wani shafi, in ya gaji ya faɗa wani wuri daban, har sau dubbai. Inda ya fi sauka, shi ake ɗauka da muhimmanci, a sa shi a farko.

Ina jin haka na tuna kakarmu a Ƙofar Taramniya. Bayan magariba mukan zagaye murhunta, tana gasa mana gyaɗa. Ta taɓa ba mu labarin wani baƙo da ya so sanin wurin da ya fi daraja a gari don ya sauka. Ya ƙi tambayar kowa, ya saki ƙuda, duk inda ya sauka a aje tsakuwa. Kwana arba'in ana bi. Da aka ƙirga, tulin tsakuwar na bayan mahauta, inda ake zubar da tumbi. Nan baƙo ya shimfiɗa tabarma.

Muka ce tir, muna toshe hanci. Ita kuwa ta ce, "Ku bar zagin ƙuda. Kwatocin garin duka can sunka nufa, mi kuka so shi yi?"

A lokacin dariya kawai muke yi. Yanzu na gane ƙirgen bai yi ƙarya ba, amma hanyoyi ya ƙirga. Mutane ne suka gina su zuwa ƙazanta, ga ɗiyata ta bi.

Na zubar da kwaɓin a kwata, na wanke mata hannu, ina gode wa Allah da bai kai fuska ba. Sai na ga tana hawaye.

"Inna," ta ce, "na tura wa ƙawata Hauwa'u shafin tun shekaranjiya. Yau ba ta zo makaranta ba."