Ranar da maƙwabciyata ta manta shekarunta

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Hulme cikin Manchester, maigidana yana karatu a jami'a, ni kuma ina gida da goyo, muna da wata maƙwabciya tsohuwa 'yar ƙasar Japan. Ƙofarta na kallon tamu. Mama nake kiranta, ita ma ta saba. Mijinta Bature ne, ya daɗe da rasuwa, ɗanta tilo kuma yana aiki a Birmingham. Turancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ita ta nuna min yadda ake rajista da GP, wato likitan unguwa, ni kuma in na yi ƙosai sai na miƙa mata, ta ci tana hawayen yaji tana cewa a ƙaro.

Wata rana bayan azahar na kwantar da jaririyata ke nan, sai na ji ana taɓa ƙofa. Ba ƙwanƙwasawa ba, kamar ana goga hannu a jikin katako. Ina buɗewa na ga Mama ta jingina da bango, takalmi ƙafa ɗaya, gefen bakinta ya karkace, yawu na zuba. Ta buɗe baki, amma babu kalmar Turanci ko ɗaya. Japananci kawai take yi, shi ma a jagule.

Innalillahi kawai nake maimaitawa. Na rungumo ta zuwa kan kujera, hannunta na dama yana lilo kamar ba nata ba. Na kira motar asibiti. Matar da ta ɗauka ta ce suna tafe, kada in ba ta ruwa, kada in bar ta ta yi barci, in yi ta jan ta da magana. Ta ƙara da cewa in tambaye ta shekarunta, a ga ko hankalinta yana jikinta.

Na tambaya da Turanci. Mama ta zuba min ido kamar yau ta fara ganina.

Ba zan ɓoye muku ba, tsoron da na ji ba duka nata ba ne. Zuciyata tana ta raya min cewa in matar nan ta cika a falona, ni baƙuwa mai zaman biza, me zan ce wa 'yan sanda? Na kira maigidana, waya a kashe, yana aji. Ga jaririya ta farka tana tsala ihu a ɗaki, ni kuma ina tsoron in saki Mama ta zame ƙasa.

Can na tuna ɗanta ya taɓa ba ni lambarsa. Ya ɗauka yana ofis. Ina gama faɗa masa na ji ƙarar kujera ta faɗi, sai numfashinsa yana gudu a matakala.

Ya ce, "Sa ni a lasifika, ki kai wayar kunnenta."

Ya yi ta magana da yarensu, amma ko kallon wayar ba ta yi ba. Fuskata kawai take kallo, ta damƙe bakin mayafina da hannun da ke aiki.

Ya ce, "Ba ta gane muryar daga ina take fitowa ba. Ke take gani, ke za ki tambaye ta. Ki ce toshi. Otoshi wa."

Na ce, "Toshi?"

"E, toshi. Shekara ke nan. Shekarar da ake ciki da shekarun mutum, duk da ita muke faɗa. Don Allah ki faɗa a hankali."

Ku ji ikon Allah, a cikin wannan tashin hankali sai da zuciyata ta tafi Kano, ga toshin da samari ke kai wa 'yan mata. Ni da rabona da jin kalmar tun ina budurwa, ga ni durƙushe a gaban tsohuwa ina shirin tambayarta toshi. Na riƙe hannunta na ce, "Mama, otoshi wa?"

Idonta ya ɗan motsa. Ta yi ta kokawa da harshenta, da kyar ta fitar da wata gajeriyar kalma. Har na fara murna, na ce, "Ta amsa! Ka ji ta amsa!"



Na ce, "Kana jina? Me ta ce?"

Muryarsa ta karye. Ya ce, "Ta ce sha tara."

Matar da ta haura saba'in. Na dubi furfurarta, na dubi idanun da ke kallona, na gane wadda ke riƙe da mayafina yarinya ce da ba ta san inda take ba, ba ta san tana da ɗa ba, ba ta ma san ta taɓa barin ƙasarsu ba. Ban iya wata kalmar ba, sai na yi ta maimaita wannan ɗin, ina haɗawa da duk addu'ar da ta zo bakina, don kada ta rufe ido. Duk sanda na tambaya, amsar ɗaya ce.

A haka ma'aikatan asibiti suka same mu. Sai da suka ɓamɓare yatsunta daga mayafin. Bayan sun fita na ɗauki 'yata, na zauna a ƙasa, ni da ita muka yi ta kuka.

Shanyewar ɓarin jiki ce. Ta rayu, alhamdu lillahi. Likitoci sun ce wa ɗanta saurin da aka yi ne ya taimaka. Da aka sallame ta ya tafi da ita gidansa a unguwar Ladywood, can Birmingham, aka kwashe kayanta daga gidan da take zaune.

Bayan wasu watanni na hau jirgin ƙasa na je duba ta. Na same ta a kujerar guragu kusa da taga. Turancin ya dawo kaɗan-kaɗan, kuma ta san ɗanta. Ni ce ba ta sani ba. Ta gaishe ni cikin ladabi kamar baƙuwa, ta yi wasa da 'yata, da zan tafi ta ce ta gode da zuwa. Ɗan ya yi ta ba ni haƙuri har bakin ƙofa. Na ce ba komai, amma a jirgi na kasa cin abincin da na taho da shi.

Kun ga, na daɗe ina ɗaukar shekaru abu ne da mutum yake tarawa, ba mai raba shi da su. Ranar na ga an kwashe wa mutum fiye da hamsin tsakanin azahar da la'asar, yana zaune yana kallo.

Har yau in na kira mahaifiyata a gida, ba labarin nake saurare ba, yadda harshenta ke juyawa nake bi. Wani lokaci sai in jefa mata tambaya, yau wace rana ce, autanmu shekararsa nawa. Rannan ta gaji ta ce, "Ke wai likita kika zama a can ne? Lafiyata ƙalau, ki bar min tambayar 'yan makaranta."

Na yi dariya na ce to, Hajiya. Da na ajiye wayar sai na lura ashe tun ɗazu a tsaye nake.