Tagwayen Malam Sale

Ina tsaka da dama koko da safen nan 'yarsa ta kira ni. Malam Sale ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban gama share hawaye ba na duba waya, sai ga hotonsa ko'ina. "Babanmu ya tafi." "Mun yi rashin uba." Bari in faɗi Malam ɗin da na sani tukuna, ku masu rubutun nan zan dawo kanku.

A 1997 ni taifis ce, mai buga takardu da tafireta, a wani ofis a nan Haɗeja. Ni da Rifkatu, 'yar Kudancin Kaduna, tebur ɗaya muke. Rana ɗaya aka ce kwamfuta na zuwa, duk wadda ba ta iya ta ba kafin ƙarshen shekara ta koma gida. Ni mijina ya rasu ya bar min yara huɗu. Aikin nan shi ne tuwonsu.

Malam Sale maƙwabcinmu ne, malamin lissafi. Yana da kwamfuta a zaurensa, 'yar Kwatano, ƙanensa ya kawo masa. Da ya ji labari ya ce mu riƙa zuwa bayan la'asar, ba ko sisi.

To amma da an buɗe wajen rubutu sai ta sandare. Ki buga harafi, ki je ki sha ruwa ki dawo, bai fito ba. Malam ya ce memorinta ce ta yi kaɗan, sai an ƙara. Ya buɗe cikinta ya nuna mana: wani ɗan abu kamar ƙaramin mataji, har da haƙora.

Sabuwa ta fi ƙarfin albashin malami. Sai ya sayar da barkonon da ya noma a fadama, ya hau mota zuwa Kano neman ta hannu.

Can ya faɗa hannun wani mai shago. Ga carbi a hannu, ga baki kamar zuma. Ya ba shi wadda haƙoranta ba su kai ba, ko shiga ramin ba ta yi. Da Malam ya mayar, sai cewa ya yi, "Ai sai ka danna da ƙarfi, Malam, haka suke." Ku ji fa. Mutum mai furfura ya taso tun daga Haɗeja, ka dubi idonsa ka gaya masa haka.

Da ƙyar ya canza masa da guda biyu da suka shiga. Muka taru, aka kunna. Allo baƙi ƙirin, sai kuka take ƙit-ƙit-ƙit.

Malam ya zare su, ya gyara tabarau, ya ɗaga su a hasken ƙofa ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Waɗannan ba tagwaye ba ne. 'Yan uba ne."

Muka ce me ke nan? Ya ce irin tasa bibbiyu take karɓa, kuma sai girmansu ɗaya, saurinsu ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. In ba haka ba ba za su zauna lafiya ba. "Guda ɗaya kuma ba ta tashi," in ji shi.

Ashe mutumin ɓare takardar jikin ɗaya ya yi ya manna wata, don su yi kama. Malam ya sake komawa, mutumin ya rantse da Allah bai taɓa ganinsa ba. Har yau in na tuna rantsuwar nan sai in ji kamar in tofar da yawu. Barkonon shekara guda ya tafi a banza, lokaci kuma yana ƙurewa. Na fara tunanin soya ƙosai.

Malam bai ko zage shi ba. Ni na zaga masa, har da ƙari.

Rifkatu ce ta ji a cocinsu cewa wani malami a garin Malam Madori yana da kwamfuta irin ta Malam sak, wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona ta, ya ajiye ta a ƙarƙashin gado. Malam ya ɗaura kwandon bandar kifi a bayan babur ya tafi ya kai masa. Ya dawo da yamma, ya zaro memorinta guda biyu daga aljihu a naɗe cikin hankici.

Aka saka, aka kunna. Ƙit, sau ɗaya. Allo ya kawo.

Rifkatu ta yi guɗa a zauren mutane, ni kuwa kuka na kama. Malam ya dube mu yana dariya ya ce, "To, ga tagwaye a ciki, ga tagwaye a waje." Tun ranar ni ce Hassana, ita Usaina. Ba a sallame mu ba. Da aikin nan na ɗauki nauyin karatun yarana har na yi ritaya.

Yanzu na dawo kanku.

Bayanmu, yara nawa suka koyi kwamfuta a zauren nan kyauta? Kun san kanku. Wasunku yau da direba suke yawo. Da tsufa ya taɓa ƙwaƙwalwar Malam ya daina gane mutane, likita ya ce fuskokin da ya saba da su za su taimaka. Na rubuta a guruf ɗinmu na ɗalibansa a waya, na roƙa mu je tare. Me na samu? Sitika. Hannu biyu a ɗage, "Allah ya ba shi lafiya." Wani ma cewa ya yi, "Anti, tunda ba ya ganewa, zuwan me za a yi?" Shi ne yau ya fi kowa dogon rubutu. Tir.

Watan jiya na je ni kaɗai, don Rifkatu ta koma garinsu, gwiwa ta hana ta tafiya. Na gaishe shi ya amsa kamar baƙuwa. Na faɗi sunana. Sai leƙa bayana yake.

Can ya ce, "Ke kaɗai? Ai guda ɗaya ba ta tashi."

Nan take na kira Rifkatu ta bidiyo, na kara wayar kusa da fuskata. Ya dube ni, ya dube ta, ya sake dubana.

"Hassana da Usaina," ya ce. "Kun makara, la'asar ta wuce."

Kiran waya ɗaya fa. Abin da ya gagare ku ke nan.

Allah ya jiƙan Malam Sale, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya ajiye min sitika. Ya ɗaga hannunsa na gaske ya yi masa addu'a.